KIMIYYA DA RAYUWA: Dogaran Da Ke Cikin Zuciya



A watan Oktoba na shekarar 2024 aka ba da sanarwa daga birnin Stockholm na ƙasar Suwidin cewa lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci ta faɗa hannun waɗansu shaihunan malamai biyu 'yan Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun. Da aka waiwayi aikin da ya jawo musu wannan ɗaukaka, sai aka tarar wata 'yar tsutsa ce suka share shekaru suna leƙe. Tsutsar nan tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, a cikin ƙasa ta ke zaune, jikinta kuwa garau ya ke kamar gilashi, har ana iya ƙirga ƙwayoyin jikinta ɗaya bayan ɗaya a madubin likita. Na san wani zai ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Ina tsutsa, ina mai ciwon zuciya da ke kwance a gadon asibiti yana haki? Mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, gama zancen zai ratsa Amurka da Italiya da Jamus, sa'an nan ya sauka a ɗakin mai jego a Zariya.

Sai mu fara da tushe. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. A ɗauki kowace ƙwaya kamar masarauta. A cikin fada akwai wani babban kundi, shi ne masana ke kira DNA, wanda aka gada daga uwa da uba, kuma a cikinsa akwai babi wajen 20,000, kowane da bayanin yadda za a ƙera wani furotin. Kundin nan ba ya fita fada. Idan ana bukatar wani abu, sai a kwafi babinsa a takarda, a ba manzo ya kai maƙera. Wannan takarda ita ce RNA ta saƙo. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, kundin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne dai ke cikin ƙwayar zuciya, ba bambanci ko na wasali. To, wa ke tsara cewa nan a ƙera kaza da yawa, can a ƙera kaɗan, gobe kuma a dakata?

An san wani ɓangare na amsar tun shekarun 1960, watau akwai furotin masu buɗe babi da rufe shi a can cikin fada. A 1993 Ambros da abokan aikinsa, Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, suka ƙara wani ɓangaren. Suna binciken wata tsutsa mai lahani wadda ta ƙi barin ƙuruciya, tana ta maimaita matakin farko na girma. Da suka gano babin da ya lalace, sai suka ga ba ya haifar da furotin ko kaɗan. Wani ɗan guntun RNA kawai ya ke fitarwa, mai haruffa kamar 22, alhali takardar saƙo ta kan kai haruffa dubbai. Ruvkun kuma a nasa ɗakin bincike ya nuna inda guntun nan ke zuwa ya manne a wutsiyar wata takardar saƙo, ya hana a yi aiki da ita. Ashe a zauren fada akwai dogari, wanda in ya ga manzon da ya sani sai ya tare shi, ko dai ya riƙe takardar, ko ya sa a yayyaga ta. Wannan dogari shi aka raɗa wa suna maikro-RNA.

Duniyar masana ba ta girgiza ba. An ɗauka wani abin al'ajabi ne na tsutsa kaɗai. Sai bayan shekara bakwai, a 2000, Ruvkun ya gano dogari na biyu mai suna let-7, ya kuma nuna akwai shi a jikin ƙuda, da kifi, da mutum. Daga nan aka yi caa. Yanzu an san jikin ɗan Adam na da irin waɗannan dogarai fiye da 1,000. Akwai abu guda da na ke roƙon mai karatu ya riƙe, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya: dogari ɗaya ba manzo ɗaya ya ke tarewa ba, yana iya tare ɗaruruwa. Nan ƙarfinsa ya ke, nan kuma haɗarinsa.

To, don me likitocin zuciya suka fi kowa ɗoki? Domin zuciya ba ta iya ɗinke kanta. Fata in ta yanke ta kan warke, hanta in an yanke rabinta ta kan tofo. Naman zuciya kuwa, wanda ke bugawa kamar sau 100,000 kowace rana, da mafi yawan wanda aka haifi mutum da shi zai koma ga Mahaliccinsa. Yadda aka tabbatar da haka ma abin ji ne. Gwaje-gwajen bam na nukiliya da manyan ƙasashe suka yi ta yi a sarari kafin yarjejeniyar 1963 sun cika iska da wani nau'in sinadarin kabon, wanda ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga jikin kowa. Dattawanmu za su tuna da wanda Faransa ta fasa a hamadar Sahara a 1960, har Nijeriya ta kori jakadanta a farkon 1961. Wannan kabon ya zama kamar hatimin kwanan wata a kan kowace ƙwaya. Da shi Olaf Bergmann da Jonas Frisén na cibiyar Karolinska ta Suwidin suka auna a 2009, suka ga mai shekara 25 kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin naman zuciyarsa ke sabuntawa a shekara, mai shekara 75 kuwa ko rabin haka bai cika ba.

Saboda haka idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, abin da mu ke kira bugun zuciya, ƙwayoyi har biliyan guda na iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i, kuma tabo ne zai maye gurbinsu. Tabo ba ya matsa jini. Ragowar naman sai ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, ya yi kauri, ya yi tauri, daga baya ya saki kamar tsohuwar salka. Shi ke nan sai haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya rigingine sai an tara matasai. Magungunan da a ke da su suna rage wa zuciya nauyi, suna kuma ƙara kwana da ikon Allah, amma ba su mayar da naman da ya tafi.

A 2006 Eva van Rooij da Eric Olson, a birnin Dallas na Amurka, suka nuna cewa a zuciyar da ke wahala, ta ɓera da ta mutum, waɗansu dogarai na ƙaruwa, waɗansu na raguwa. Har suka ɗauki guda, miR-195, suka yawaita shi a zuciyar lafiyayyen ɓera, sai ga zuciyar ta kumbura ta gaza. Hanya biyu ta buɗe ke nan. Ko a ɗaure dogarin da ya yi yawa, ta hanyar ƙera wani ɗan zare mai haruffan da suka dace da nasa, ya manne masa ya hana shi motsi. Ko kuwa a ƙara wanda a ke so, ta hanyar cusa babinsa a cikin wata ƙwayar bairos da aka cire wa dafi, ta kai shi cikin naman zuciya.

Bari in daɗe a kan hanya ta biyu, don ita ce ta fi ban sha'awa, ta kuma fi ban tsoro.

An riga an san abin ba gagara-badau ba ne a halitta. Akwai wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa wanda aka nuna a 2002 cewa in an yanke kashi 20 cikin ɗari na zuciyarsa, cikin wata biyu ta kan cike. A 2011 kuma aka ga jinjirin ɓera ɗan kwana ɗaya shi ma yana iyawa, amma da ya kai kwana bakwai baiwar ta tafi. Watau babin na nan a kundi, rufe shi aka yi. Mauro Giacca, wanda a lokacin ya ke aiki a wata cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa a birnin Trieste na Italiya, cibiyar da Nijeriya ma ke cikin ƙasashen da ke da wakilci a cikinta, ya ce bari a nemi dogarin da zai sake buɗe shi. Shi da mutanensa suka gwada guda 875, ɗaya bayan ɗaya, a kan ƙwayoyin zuciya. A 2012 suka ba da labarin cewa 40 daga ciki suna sa ƙwayoyin su rabu su hayayyafa, biyu kuma, miR-590 da miR-199a, sun gyara zuciyar ɓeraye bayan bugun zuciya.

Ɓera dai ɓera ne. Zuciyarsa ba ta fi ƙwayar wake ba, tana kuma bugawa sau ɗaruruwa a minti. Sai aka koma kan alade. Kada mai karatu ya yamutsa fuska, ba don ci ba ne. Zuciyar wannan dabba ce ta yi kusa da tamu a girma da tsarin jijiyoyi. Tare da likitocin birnin Pisa, aka toshe wa aladu jijiyar zuciya da gangan, aka sake ta, sa'an nan aka tsira musu bairos ɗauke da miR-199a a bangon zuciya. Bayan wata guda abin da aka gani ya wuce tsammani: tabo ya ragu ƙwarai, nama ya ƙaru, zuciya ta dawo da ƙarfin matsawa.

A mako na bakwai zuwa na takwas sai aladun suka fara faɗuwa matattu ba zato ba tsammani. Bakwai daga cikin goma da aka ci gaba da lura da su haka suka ƙare. Da aka buɗe zukatansu sai aka tarar da tarin ƙwayoyi waɗanda ba su nuna ba, suna ta hayayyafa, ba su zama cikakken nama ba, sun kuma rikita tafiyar wutar da ke tsara bugawa. Dalili a fili ya ke. Bairos ya kai babin, amma bai kai makulli ba. Dogarin ya yi aikin da aka aike shi, aka rasa mai ce masa ya isa. An hau doki ba linzami.

Abin da ya burge ni da waɗannan mutane shi ne ba su tsaya a wata guda suka buga ganga ba. Da warakar da mutuwar duk suka haɗa a rahoto guda a mujallar Nature a 2019. Da sun ga dama su yanke gwajin a kwana 30, da jaridun duniya sun ce an gama da ciwon zuciya, da kuma wataƙila mutane ne za su biya kuɗin gano sauran. Giacca, wanda ya koma King's College ta Landan, ya juya ga dabarar naɗe dogarin a cikin ɗigon maiƙo, irin wadda aka yi amfani da ita a waɗansu alluran rigakafin korona, domin ya yi aiki na 'yan kwanaki ya narke.

Wannan taka-tsantsan ba a banza aka koye shi ba. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a Amurka kwana huɗu bayan an ɗura masa bairos a wani gwajin gyaran ƙwayar gado. A 2016 kuma aka dakatar da gwajin wani maganin sankara mai suna MRX34, wanda kwaikwayon dogari ne, bayan garkuwar jiki ta tayar da ƙayar baya har mutum huɗu suka rasu.

Hanyar farko, ta ɗaure dogari, ita ce ta riga kaiwa ga jikin mutane. Farkonta ma da gardama ta soma. A 2008 Thomas Thum da abokansa a Jamus suka ce ɗaure miR-21 na hana zuciyar ɓera yin tauri. Bayan shekara biyu mutanen Dallas suka ce su sun cire shi ɗungum daga ɓeraye, taurin bai fasa ba. Thum bai karaya ba, ya koma kan wani, miR-132, wanda ke hauhawa idan zuciya ta shiga matsi, yana kuma tura ta ga kumburi. A birnin Hanoba aka kafa kamfanin Cardior a 2016, aka ƙera wani zare mai suna CDR132L. Shi ba ya taɓa kundin fada, kuma ƙarfinsa na gushewa da kansa, don haka a ke maimaita shi ta jijiya bayan kowane mako huɗu. An gwada shi a aladu, sa'an nan a Landan a kan marasa lafiya 28. Rahoton 2021 ya nuna bai cutar da kowa ba, wani sinadari kuma da ke nuna wahalar zuciya a jini ya sauka da kimanin kashi 23 cikin ɗari. A watan Maris na 2024 kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya amince zai sayi Cardior a kan kuɗin da zai iya kaiwa Yuro biliyan 1.025.

Kuɗi dai ba su ne shaida ba. An yi gwaji na biyu a kan mutum kusan 300 waɗanda bugun zuciya bai daɗe da samunsu ba, aka yi wa waɗansu allurar gaske, waɗansu kuma wadda ba magani a ciki, dukkansu kuwa suna shan magungunan zuciya na yau da kullum. Sakamakon da aka bayyana a 2025 ya ce maganin bai yi illa ba, amma a kan babban ma'aunin da aka sa tun farko, watau raguwar buɗewar zuciya bayan wata shida, bai yi wa ɗayar allurar fintinkau ba. Har zuwa shekarar 2025 babu wata hukumar magunguna da ta ba da izinin sayar da maganin maikro-RNA, na zuciya ko na wata cuta.

Amma ɗan'uwansa na jini ya shiga kasuwa. Akwai allura mai suna inclisiran, ita ma guntun RNA ce, wadda Turai ta amince da ita a 2020, Amurka a 2021. Sau biyu a shekara a ke yin ta, tana rage mugun kitsen jini da kusan rabi. Me ya sa ita ta ci? Takarda guda tak ta ke tarewa, kuma a hanta ta ke aiki. Hanta kamar tashar kwastan ce, duk abin da ya shiga jini sai ya biya ta wurinta. Zuciya kuwa jini na ratsa ta dare da rana, amma ba ta cika karɓar baƙo ba.

Yanzu mu dawo gida. Tun shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka sanar da duniya wani ciwo da ya yi katutu a ƙasar Zazzau: mace lafiyayya ta haihu, bayan 'yan makonni ta kumbura, numfashi ya gagara. Sun ƙiyasta mace ɗaya ce cikin kowace haihuwa 100, sun kuma ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. A Sakkwato ma an sami adadi makamancin wannan a 2007. Sai dai wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, wanda Shaihun Malami Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta aka buga a 2020, bai sami alaƙa tsakanin waɗannan al'adu da kamuwa da ciwon ba. Abin da ya gano shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Bincike a Yamai tun 1992, da wani a Kano daga baya, sun kuma nuna ƙarancin sinadarin siliniyam a jinin masu ciwon. Wannan ba izini ba ne na ɗura wa mai kumburi kanwa. Gishiri ne, kuma gishiri ruwa ya ke tara wa zuciyar da ta riga ta gaji.

Ina dogari a nan? A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, a jikin waɗansu mata ya kan tsinke, guntunsa ya koma guba ga ƙananan jijiyoyin zuciya. Akwai tsohon magani, buromokiriftin, mai tsayar da furolaktin, kuma ƙaramin gwaji a kan mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010 ya ba da alamar yana taimako. Amma yana ƙafar da nono. A Hanoba wannan ƙaramar magana ce. A ƙauyen da gwangwanin madara ya fi ƙarfin mai gida, ruwan sha kuma daga rijiya ko tafki a ke ɗebo shi, ceton uwa ta wannan hanya na iya zama ajalin jariri.

A 2013 masana daga birnin Liyej na Beljiyam tare da na Hanoba suka gano cewa gubar nan ba da hannunta ta ke ɓarna ba. Tana sa bangon jijiyoyi ya yawaita wani dogari, miR-146a, ya ƙunsa shi a 'yan ƙananan jakunkuna ya aika wa naman zuciya, can ya rage masa kuzari. Sun same shi da yawa a jinin mata masu ciwon fiye da na lafiyayyun masu jego. Da suka ɗaure shi a jikin ɓeraye, ciwon ya yi sauƙi, ɓerayen kuma suka ci gaba da shayar da 'ya'yansu. A ɓeraye aka yi wannan, kuma wanda ya ji labarin aladun Italiya ya san tazarar da ke tsakanin ɓera da mutum. Duk da haka, a ganina, cikin dukkan dogaran da na lissafa babu wanda ya shafe mu kamar wannan, kuma in za a gwada shi a kan mata wata rana, marasa lafiyar a Kano da Sakkwato da Zariya su ke, ba a Liyej ba. Ya kamata jami'o'inmu su shiga maganar tun tana ɗanya, a matsayin abokan bincike, kada a mai da asibitocinmu wurin ɗibar jini kawai.

Sai kuma zancen aljihu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado na cutar sikila, cutar da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita. Farashin da aka sa masa a Amurka Dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Zaren ɗaure dogari ba zai kai haka ba, tun da a masana'anta a ke haɗa shi, amma ba zai zo da arahar fanadol ba.

Wani bincike da aka buga a 2012 a kan marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari. Toshewar jijiya, wadda yawancin gwaje-gwajen nan na Turai ke bi, ba ta kai kashi 10 ba. Awon hawan jini minti biyu ne a kowace ƙaramar asibiti. Mai jego kuwa da ƙafarta ta kumbura, tana tari cikin dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne a ƙara wa tukunya itace. A kai ta likita ya ɗauki hoton zuciyarta tun kafin a yi arba'in.